Pol Duwez (1907–1984): Rayuwarsa da Gudummawarsa ga Fahimtar Tsarin Ciki da Sauyin Siffar Gilashin Ƙarfe

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Pol Duwez, masanin kimiyyar ƙarafa ɗan asalin ƙasar Beljiyam, wanda shi da ɗalibansa biyu suka fara mayar da narkakken ƙarfe gilashi a shekarar 1960. An kawo asalinsa da karatunsa da manyan ayyukansa, sannan aka bayyana yadda zaman ƙwayoyin zarra a cikin ƙarfe yake tabbatar da ko ƙarfen zai lanƙwashe ko zai karye. Maƙalar ta nuna cewa ƙarfin gilashin ƙarfe da gautsinsa tushensu ɗaya ne, wato rashin sahu a tsarinsa na ciki. Ta kuma nuna cewa ƙa'idar da ke bayyana wannan gautsi tana da dangantaka da binciken da Duwez ya gudanar a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

1.0 Gabatarwa

A Hausar yau da kullum, gilashi abu ne garai-garai da ake hangen abin da ke bayansa, mai tarwatsewa idan ya faɗi. Ƙarfe kuwa shi ne abin da maƙeri yake ɗorawa a kan uwar maƙera ya daka da masaba, ya miƙe ko ya lanƙwashe ba tare da ya fashe ba. Saboda haka, haɗa kalmomin biyu a ce gilashin ƙarfe zai yi wa mai sauraro kama da tufka da warwara. Sai dai a wurin masana kimiyya, gilashi suna ne na wani yanayin daskarewa: duk ruwan da ya sandare kafin ƙwayoyin zarrarsa su samu damar jeruwa, gilashi ne, ko ana hangen bayansa ko ba a yi. Gilashin ƙarfe a ido ƙarfe ne sak, yana sheƙi, yana ɗaukar lantarki. Bambancinsa da sauran ƙarafa yana can ciki, inda ido ba ya kaiwa.

Domin sauƙaƙa bayani, maƙalar za ta yi amfani da wasu kalmomi da ma'ana ta musamman. Kiristal shi ne daskararren abin da ƙwayoyin zarrarsa suka jeru sahu-sahu bisa tsari mai maimaita kansa. Gami shi ne abin da aka samu daga narka ƙarfe tare da wani ƙarfen ko wani sinadari. Sauyin siffa na wucin gadi shi ne wanda yake gushewa da zarar an ɗauke nauyi, na dindindin kuwa shi ne wanda yake zama. Danƙo shi ne iya jure sauyin siffa na dindindin ba tare da tsinkewa ba, gautsi kuma kishiyarsa.

2.0 Asalinsa da Karatunsa

An haifi Pol Duwez ranar 11 ga Disamba, 1907, a birnin Mons da ke kudancin Beljiyam, yankin masu magana da Faransanci wanda ya yi suna wajen haƙar kwal. Yana da shekara shida Yaƙin Duniya na Farko ya iso ƙofar garinsu, domin a Mons ne sojojin Ingila da na Jamus suka fara gwabzawa a watan Agusta na 1914, birnin kuma ya zauna a hannun Jamusawa har zuwa Nuwamba na 1918. Tun yana yaro ya koyi kaɗa babban gogen Turawa da ake kira selo, sha'awar kiɗa kuma ba ta rabu da shi ba har girmansa.

Ya yi karatun injiniyan ƙarafa a Makarantar Ma'adinai ta Mons, ya kammala a 1932. Shekara guda bayan haka ya samu digirin digirgir a Jami'ar Burasal. A wannan shekara ta 1933 wata gidauniyar ilimi ta haɗin gwiwar Beljiyam da Amurka ta ba shi tallafin zuwa Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, wadda aka fi sani da Caltech, a garin Pasadena. A can ya haɗu da Theodore von Kármán, shahararren masanin kimiyyar jiragen sama ɗan asalin Hangari, wanda ya zame masa jagora. Aikin Duwez na farko a Pasadena ya shafi yadda kiristal yake sauya siffa idan an ɗora masa nauyi.

3.0 Matsalar da Ya Tarar

Duwez ya shiga wannan fage ne a daidai lokacin da ake warware wata tsohuwar matsala. A 1926 masanin Rasha Yakov Frenkel ya ƙididdige ƙarfin da ake buƙata kafin a tura sahu guda na ƙwayoyin zarra ya zame gaba ɗaya a kan sahun da ke ƙarƙashinsa. Da aka gwada tatattun ƙarafa, sai aka ga suna sallamawa da ƙarfin da bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da lissafi ya nuna ba. A 1934 masana uku, Geoffrey Taylor da Egon Orowan da Michael Polanyi, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo amsa: sahun ba ya zamewa a lokaci guda. Akwai wani aibi a cikin jeren, wanda za a iya kira gocewar sahu, kuma shi ne yake tafiya.

Misalin wannan shi ne mutane ashirin da ke zaune a dogon benci, ana so su matsa gefe guda. Tura su duka a lokaci ɗaya aiki ne ja. Amma idan na bakin benci ya gusa ya bar gurbi, na kusa da shi ya cike, na gaba ya biyo, sai gurbin ya ratsa benci daga wannan baki zuwa wancan, kowa ya matsa ba tare da an sha wahala ba. Haka gocewar sahu take ratsa kiristal, kuma ita ce asalin laushin ƙarfe.

Wani abu na biyu ya fi wannan muhimmanci ga batun maƙalar. Yayin da ake ci gaba da lanƙwasa ƙarfe, gocewar sahu tana yawaita, layukanta suna sarƙewa suna tare wa juna hanya, sai wurin da ya lanƙwashe ya ƙara tauri. Maƙeran farfaru sun san haka a aikace, domin azurfa ko jan ƙarfe da ya sha duka yakan ƙi guduma har sai an mayar da shi wuta. Wannan taurin duka alheri ne, saboda idan wuri ɗaya ya taurare, sai nauyin ya koma kan makwabcinsa mai laushi, ta haka sauyin siffa yake bazuwa a jikin ƙarfen duka, ba ya taruwa a wuri guda.

4.0 Shekarun Yaƙi

Duwez ya koma Beljiyam a 1935 ya ci gaba da bincike. Kafin yaƙi ya ɓarke aka ba shi jagorancin wani ɗakin bincike na ƙasa a Mons da ke nazarin silikat, wato dangin ma'adinan da ake yin gilashin taga da tangaram da su. Aikin bai yi nisa ba Jamus ta mamaye Beljiyam a watan Mayu na 1940. Duwez ya fice daga ƙasar da iyalinsa, zuwa 1941 kuma ya riga ya koma Pasadena wurin von Kármán.

Tambayar da yaƙi ya ɗora musu ita ce: me ke faruwa da ƙarfe idan an buge shi farat ɗaya, kamar yadda harsashi ko fashewar bam ke yi? Von Kármán ya tsara lissafin, Duwez ya gudanar da gwaje-gwajen, inda ya riƙa fizgar dogayen wayoyin jan ƙarfe daga baki guda da gudu daban-daban, sannan ya auna miƙewar kowane sashe. Sun gano cewa sauyin siffa na dindindin yana tafiya a jikin waya kamar igiyar ruwa, saurinsa kuma ya dogara da yadda ƙarfen yake ƙara tauri yayin da ake jan sa. Idan ƙarin taurin ya ragu, igiyar takan rage gudu. Idan ya ƙare, ba ta da sauran hanyar tafiya. Sun kuma nuna cewa akwai iyakar gudun fizga da idan aka wuce ta, wayar takan tsinke nan take kusa da bakin da aka fizga. Taylor a Ingila da Rakhmatulin a Tarayyar Sobiyat sun cimma irin wannan ƙa'ida ta hanyoyinsu. An buga aikin von Kármán da Duwez a bainar jama'a a 1950.

Daga 1944 zuwa 1954 Duwez ya shugabanci sashen kayan ƙira na ɗakin binciken roka na Caltech, wanda aka sani da JPL. Matsalar wurin ita ce zafi, domin wutar injin roka tana iya narka bangon da ke riƙe da ita. Ya yi aiki a kan ƙarafa masu ƙananan ƙofofi da ake tura ruwa ko iska ta cikinsu su sanyaya bango kamar yadda gumi ke sanyaya fata. Ya kuma yi nazarin tangaram mai jure wuta da gamin titaniyam. A 1947 ya shiga sahun malaman Caltech, a 1952 ya zama farfesa.

5.0 Gilashi daga Bakin Bindiga

A ƙarshen shekarun 1950 hankalin Duwez ya koma kan wata ƙaramar tambaya. Azurfa da jan ƙarfe suna da tsarin kiristal iri ɗaya, kuma bisa ƙa'idojin da aka sani ya kamata su gauraya ta kowane gwargwado su zama abu guda. Amma idan aka narka su tare suka huce, sai su rabu gida biyu. Duwez ya yi tunanin cewa rabuwar tana buƙatar lokaci, don haka idan aka daskarar da ruwan da gaggawar da ta isa, ƙwayoyin ba za su samu sukunin warewa ba.

Tsoma jan ƙarfe a ruwa irin na maƙera bai kai saurin da ake nema ba. Shi da ɗalibansa Ronald Willens da William Klement suka ƙera wata na'ura mai kama da bindiga. Ana narka ɗan ɗigon gami, sai a saki iska mai tsananin matsi ta harba shi a kan farantin jan ƙarfe mai sanyi. Ɗigon yakan baje ya zama ɓawo siriri, zafinsa kuma ya sauka da saurin da ya kai kimanin digiri miliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Gwajin ya yi nasara, azurfa da jan ƙarfe suka zauna a kiristal guda. Da suka gwada azurfa da jamaniyam, sai wani sabon tsarin kiristal ya bayyana wanda ba a samun sa ta hanyar sanyayawa a hankali.

Daga nan suka gwada zinariya da silikon, kashi 75 da kashi 25 bisa ƙidayar ƙwayoyin zarra. Idan aka haska kiristal da hasken eksire, yakan ba da layuka masu kaifi da ke nuna tazarar sahu. Wannan ɓawo bai ba da su ba, sai wasu faffaɗan zobba dishi-dishi irin na ruwa. Ƙarfe ya daskare ba tare da sahu ba. Mujallar Nature ta buga rahoton a watan Satumba na 1960. Kafin wannan lokaci an taɓa samun ƙarafa marasa sahu ta hanyar shafe da lantarki ko tara tururin ƙarfe a kan faranti mai tsananin sanyi, amma wannan ne karo na farko da aka same su kai tsaye daga narkakken ruwa, kamar yadda ake samun gilashin kwalba.

Ba kowa ya ɗauki abin da muhimmanci ba, domin ɓawon ƙarami ne, kuma yakan koma kiristal cikin ɗan lokaci ko da a zafin ɗaki. Morrel Cohen da David Turnbull ne suka bayyana a 1961 dalilin da ya sa wannan gami ya amsa. Zinariya tana narkewa a digiri 1,064, silikon a 1,414, amma gaminsu mai kimanin kashi 19 na silikon yana narkewa a wajen digiri 363 kacal. Ruwan da ke iya zama ruwa har zuwa wannan sanyi ya riga ya yi kauri, ƙwayoyinsa sun yi nauyin jiki, saboda haka tazarar da ta rage tsakaninsa da sandarewa gajeriya ce. Wannan ya zama jagora wajen neman wasu. A 1965 ɗakin binciken Duwez ya samar da gilashin faladiyam da silikon mai ɗorewa, a 1967 kuma ya samar da na baƙin ƙarfe da fosfaras da kabon, wanda ya tabbatar da cewa maganaɗisu ba ya buƙatar sahu.

6.0 Tsarin Ciki da Sauyin Siffa

Rashin sahu ba ya nufin rashin tsari. A daidai shekarun da Duwez yake harba ɗigonsa, John Desmond Bernal a Landan yana cusa dubban ƙwallayen ƙarfe a jaka yana auna zamansu. Irin wannan cusawa ta barkatai tana cike kimanin kashi 64 cikin ɗari na fili, alhali jerawa mafi matsi tana cike kashi 74. Binciken baya ya nuna cewa a gilashin ƙarfe kowace ƙwaya tana da maƙwabta na kusa da suka kewaye ta cikin wani tsari, sai dai tsarin ba ya maimaita kansa zuwa nesa. Sakamakon haka, wasu wurare a matse suke, wasu kuma a sake, suna da rarar fili.

Tun da babu sahu, babu gocewar sahu, wato babu hanyar sauƙi ta zamewa. Wannan ne ya sa gilashin ƙarfe yake da ƙarfi ƙwarai, kuma yakan miƙe da kimanin kashi 2 cikin ɗari na tsawonsa ya komo daidai, abin da yawancin ƙarafa masu kiristal ba sa yin ko rabinsa. Tsuyoshi Masumoto da Robert Maddin sun auna gilashin faladiyam da silikon a 1971, suka tabbatar da wannan ƙarfi, suka kuma ga ɗaya fuskar: idan aka ja shi ya wuce iyaka, sai ya tsinke farat ɗaya, kusan ba tare da ya nuna alamar gajiya ba.

Frans Spaepen a 1977 da Ali Argon a 1979 sun ba da bayanin da har yau ake ginawa a kai. Idan nauyi ya yi yawa, wani ƙaramin gungu na ƙwayoyin zarra a wuri mai rarar fili yakan sake zama, ƙwayoyin su haura kan juna. Haurawar tana buƙatar gungun ya ɗan buɗe, kamar yadda jiƙaƙƙen yashi a bakin kogi yake bushewa kewaye da ƙafar mai tafiya saboda tsabarsa ta buɗe ta shanye ruwan. Buɗewar tana ƙara rarar fili, rarar fili tana ƙara laushi, laushi kuma yana jawo gungun da ke kusa ya bi sahu. Ta haka zamewar take taruwa a wani ziri da kaurinsa bai wuce nanomita 10 zuwa 20 ba, sauran jikin ƙarfen kuwa bai san ana yi ba. Idan aka duba bakin karayar da madubin ƙara girma, akan ga zane kamar jijiyoyi, irin wanda man shanu yake bari idan an raba faranti biyu da ya manne, alamar cewa abin da ke cikin zirin ya yi laushi kamar ruwa.

A nan ne aikin Duwez na zamanin yaƙi yake haskaka abin da ya ƙirƙira daga baya. Wayoyin jan ƙarfensa sun nuna cewa sauyin siffa yana bazuwa ne muddin ƙarfe yana ƙara tauri. Kiristal yana taurara a inda ya lanƙwashe, sai ya miƙa nauyin gaba. Gilashin ƙarfe yana yin laushi a inda ya zame, sai ya jawo sauran nauyin kansa. Abin da ya cire masa rauni shi ne ya cire masa danƙo.

Duk da haka, halinsa yana sauyawa da sauyin tsarin ciki da yanayin aiki. Siririn zirin gilashin ƙarfe ana iya naɗe shi gida biyu bai karye ba, domin zirorin zamewa da yawa ne suke tasowa, kowanne ya ɗauki kaɗan. Idan aka ɗumama gilashin ƙasa da zafin da zai mayar da shi kiristal, ƙwayoyinsa sukan ƙara zama, rarar fili ta ragu, kamar yadda gero yake sauka a mudu idan an girgiza shi. Irin wannan gilashi yakan ƙara gautsi, ko da yake sinadaransa ba su canza ba. Idan kuwa zafi ya kai inda gilashin yake fara sakewa, sai jikinsa duka ya riƙa malala bai ɗaya, har a iya matsa shi a cikin zubi kamar roba.

7.0 Ƙarshen Rayuwarsa da Abin da Ya Bari

An zaɓi Duwez a Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka a 1972, da ta Injiniyoyi a 1979. Ya yi ritaya a 1978. Ya rayu har ya ga kamfanin Allied Chemical yana sayar da zirin gilashin ƙarfe da sunan Metglas, wanda ake zuba narkakken gami a kan gangar ƙarfe mai juyawa a same shi. Babban amfaninsa a yau yana cikin taransifoma, inda yake rage wutar da ke salwanta a zuciyar na'urar ƙwarai idan aka kwatanta da ƙarfen da aka saba amfani da shi. Duwez ya rasu a Pasadena ranar 31 ga Disamba, 1984, yana da shekara 77.

A shekarar rasuwarsa ne Turnbull da abokan aikinsa suka samar da curin gilashin faladiyam da nikel da fosfaras mai kaurin kusan santimita ɗaya. Akihisa Inoue a Japan ya gano wasu dangogin gami masu zama gilashi ba tare da tsananin gaggawa ba. A 1993 William Johnson, ɗalibin Duwez da ya ci gaba da aikin a Caltech, tare da Atakan Peker, suka haɗa zakoniyam da titaniyam da jan ƙarfe da nikel da beriliyam, suka samu gami mai ƙarfin da ya kusa ninka na sanannen gamin titaniyam. A shekarar 2000 rukunin Johnson ya nuna cewa idan aka bar ƙananan rassan kiristal masu laushi suka tsiro a cikin gilashin, sukan tare zirin zamewa su tilasta masa rarrabuwa, danƙo ya ƙaru.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun Pol Duwez daga Mons zuwa Pasadena, daga nazarin kiristal zuwa samar da ƙarfen da ba shi da kiristal. An ga cewa halin ƙarfe a ƙarƙashin nauyi bai tsaya ga sinadaran da aka haɗa shi da su ba, ya dogara ga yadda ƙwayoyin zarrarsa suka zauna da kuma irin aibin da ke cikin zaman. Gocewar sahu tana rage wa kiristal ƙarfi, amma ita ce take ba shi damar lanƙwashewa ya yi gargaɗi kafin ya karye. Gilashin ƙarfe ya kuɓuta daga wannan aibi, sai ya rasa gargaɗin, kuma wannan ne babban abin da ya hana a dogara da shi a inda karaya ke nufin asarar rai. Aikin da magadan Duwez suke kai har yanzu shi ne sarrafa rarar fili da gungun zamewa, yadda nauyi zai rarrabu a kan zirori dubu, kada ya taru a kan guda.